Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo: Tarihin Titin Zariya

Yau maganar titi na zo mana da ita. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, to mu ina ruwanmu da titi, mu da ba direbobi ba, ba 'yan kwangila ba? Ki yi haƙuri 'yar uwa ki biyo ni a sannu, in mun kai ƙarshe sai ki yanke hukunci da kanki.

Ki tuna ranar da kika fito za ki awo, ko ranar da yaro ya kwana jikinsa zafi rau, gari na wayewa kika saɓa shi a baya kika kamo hannun yayansa, kika zo bakin Titin Zariya kina son tsallakawa. Mota ta wuce, tirela ta biyo bayanta, ɗan sahu ya kutso ta inda ba ki zata ba. Ki sa ƙafa ki janye, ki sake sawa ki janye, na baya yana kuka, na hannu yana fizgewa, rana kuwa ta fara dukan ƙeya. Daga ƙarshe sai wani bawan Allah ya ɗaga wa motoci hannu, sannan kika ruga a guje kamar wadda ta yi sata. To wannan tsayuwar da kika yi tana da tarihi, domin titi ba ya tsirowa kamar ciyawa. Mutane ne suke zama su zana shi a takarda, su ce nan mota za ta bi, nan za a yi gada, nan za a yi shataletale. Abin tambaya shi ne, da suke zanen, sun tuna da ke?

Ga wadda ba 'yar Kano ba, Titin Zariya shi ne babbar hanyar da ta fita daga birni ta yi kudu. In kin fito ta Ƙofar Nassarawa kika miƙa, za ki wuce Dangi inda titin gidan zu ya haɗu da shi, ki wuce Kundila da Gyaɗi-Gyaɗi, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga tashar Unguwa Uku, ga Na'ibawa mai 'Yan Lemo da 'Yan Katako, ga makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi. In kin ci gaba sai Kura da Kadawa, har ki dangana da Zariya, daga can kuma Kaduna da Abuja da Kurmi. Lemo da ayaba da abarbar da kike saya, yawanci ta wannan hanya suka shigo. Tumatirin miyarki na rani da shinkafar Kura, su ma nan suka biyo. Ashe kuwa da ruwanki.

A zamanin da, hanyar Kano zuwa Zazzau turba ce ta ƙafa da kofato. Fatake ne suke bin ta a ayari, madugu yana jagora, jakuna da takarkarai ɗauke da kaya, mata da yara a tsakiya, in rana ta yi sai a sauka a zango. Birni kuwa yana cikin ganuwarsa, wadda aka ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. An yi ƙofofin daidai shigar dabba da kayanta, kowace da sarkin ƙofarta, dare na yi a rufe. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, ya ce in lokacin fatauci ya yi sukan ninka. Kin ga ke nan gari ne da ƙafa take iya gama shi, mai tafiya a ƙasa kuma shi ne mai hanya.

Ta wannan hanya ta Zazzau sojojin Turawa suka biyo a 1903. Sun taso daga Zariya a ƙarshen watan Janairu, suka bi ta Bebeji, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Tafiyar da yanzu mota take yi cikin awa biyu, su sai da ta ci musu kusan mako guda. Da suka zauna, ba su shiga cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a waje, wajen Nassarawa da Bompai. A 1911 hanyar dogo ta iso Kano, aka yi tasharta a bayan ganuwa, bayan shekara biyu aka yanka Sabon Gari. Tun daga nan gari ya fara tumbatsa yana fita waje, kantuna da ofisoshi a gefe guda, gidajen jama'a a gefe guda, tafiya ta fara fin ƙarfin ƙafa.

Amma duk da haka titi bai sha wuya ba a lokacin, saboda jirgin ƙasa ne yake ɗaukar nauyi. Gyaɗar nan da aka yi ta tara dalarta, wadda su Alhasan Dantata suka yi suna a cinikinta, a tarago take tafiya Ikko. Fata da ƙirgi da auduga duk haka. Titi na 'yan motoci ne ƙalilan, da kekuna, da jakuna masu kawo itace da taki.

Bayan samun 'yanci an yi tunanin gobe. Hukumar tsara birnin Kano ta lokacin ta sa wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, inda aka fayyace inda za a yi unguwanni, da masana'antu, da manyan tituna. Tunani ne mai kyau, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai a 1963 mutanen Kano da kewayenta ba su kai rabin miliyan ba, abin da ya biyo baya kuwa ya zarce lissafin kowa.

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna har 1975. A zamaninsa aka yi gidan zu, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda ruwanta ya raya noman rani a Kura da Kadawa, duk a kan hanyar Zariya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Kuɗin fetur ya shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motar Peugeot a Kaduna, wadda muke kira Fijo. Wanda yake da keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota. A daidai lokacin kuma fari da cutar gyaɗa suka rushe dala, jirgin ƙasa ya fara ja da baya, kayan da yake ɗauka suka dawo kan gingimari da tirela da tankar mai. Gonakin da suke gefen titi suka zama filaye, filaye suka zama gidaje. Inda kakanninmu suka sani daji ne, ya zama Unguwa Uku da Na'ibawa. Ko da aka yi ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na cikin ƙwaryar Kano sun kai mutum miliyan 2.8. Rigar da aka ɗinka wa yaro ɗan shekara biyar, ita ake so ƙato ya saka.

Maganin farko da aka kawo shi ne faɗaɗawa. A zamanin Janar Babangida aka mayar da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye, masu tafiya da hannunsu, masu dawowa da nasu. Aka kuma yanka hanyar ratse ta gabas daga wajen Na'ibawa, don manyan motocin da za su Maiduguri ko Haɗeja su kauce wa tsakiyar gari. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, a shekarar kuma aka kafa Asibitin Malam Aminu Kano, wanda daga baya ya tare a mazauninsa na kan wannan titi, ya zama kullum dubban masu jinya da 'yan dubiya sai sun zo nan.

To amma fa ki lura, titi ya yi faɗi a lokacin da abin hawa ya gagari talaka. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, tasi ta ragu, hayis ɗin da ake da su suka tsufa a kan titi. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin motocin jigilar jama'a a 1988, aka rarraba bas-bas, amma rashin gyara ya kwantar da yawancinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, nan ne acaɓa ta samu gindin zama. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi zirga-zirga a shekarun 1990 su za su ba ki labari: mace da goyo da kwandon cefane a bayan babur, hannu ɗaya riƙe da mayafi, ɗaya riƙe da ƙarfe. Mata nawa ne har yau suke da tabon ƙunar salansa a ƙwauri? Nawa ne taya ta naɗe musu bakin zani ko gyale ta fizgo su ƙasa?

A tarihin nan gaba ɗaya, sau ɗaya ne na ga an zauna an yi tsarin sufuri domin mace. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku irin na Indiya, a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, aka ce na mata ne, har da labulensu. A ƙarshen shekarar 'yan Hisba suka fara hana 'yan acaɓa ɗaukar mata. An yi ta cece-kuce a kai, don baburan ba su wadata ba, mata suka riƙa daɗewa a bakin titi. Amma sunan ya bi abin hawan har yau, kuma duk macen da ta san wuyar bayan babur ta san an rage mata wani abu. Ba a zuba kwalta ko taku ɗaya ba, amma fita unguwa ta canja.

Sai ga Janairun 2013, 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin gari. Dare ɗaya 'yan acaɓa suka koma neman Adaidaita Sahu, abin da aka kawo don mata ya zama na kowa da kowa, labule ya kau, titi ya koma ruwan ɗorawa tun daga Dangi har Na'ibawa.

Magani na biyu shi ne gada. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka gina gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, aka kuma kafa hukumar Karota. A tsakanin nan aka yi ta Kundila, wadda jama'a suke kira Gadar Lado, da sunan sanatan da ya kawo aikin. A zamanin Abdullahi Umar Ganduje aka yi ta Dangi mai hawa uku, wata ta bi ta ƙasa, wata ta sama, Shugaba Buhari ya buɗe ta a watan Yulin 2021. Gwamnatin tarayya kuma ta ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kano a ƙarshen 2017, aka buɗe ɓangaren Zariya zuwa Kano a 2023. Tsakani da Allah waɗannan ayyuka sun yi amfani. Duk wadda ta san gosulon Dangi na da, ta san an samu sauƙi, gari kuma ya yi kyau.

To me ya sa har yanzu ake cunkoso? Bari in kawo miki misali daga cikin gida. In kika faɗaɗa kwatar ƙofar gidanki, ta maƙwabciyarki tana nan a tsuke, ruwa zai wuce gidanki da gudu ya je ya taru a nata. Haka gada take, takan kwashe motoci daga wannan mahaɗa ta zube su a ta gaba. Na biyu kuma, ke kin san duk girman ɗakin da aka ba amarya, shekara biyu ta yi yawa ya cika da kaya. Titi ma in ya yi faɗi ya yi santsi, wanda da yake barin motarsa a gida sai ya fito da ita, wanda yake zaune cikin gari sai ya sayi fili a bayan Na'ibawa don ya ga hanya ta yi kyau, kafin a ankara an koma gidan jiya. Masana tsara birane sun daɗe da gane wannan a ƙasashe da dama.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Titin da ya yi faɗi, mota takan yi gudu a kansa, tsallaka shi kuma sai ya zama tsallaka kogi. An sa shinge a tsakiya a wasu wurare, an yi gadojin masu tafiya a ƙasa, kuma sun ceci rayuka. Amma ki dubi matattakalar, ki dubi mai ciki wata tara, ko gyatumar da gwiwa ta hana ta sakat, ko gurgu a kan kekensa. Wanda ya zana gadar da ƙafarsa lafiya lau, kuma a mota yake wucewa ta ƙarƙashinta. Shi fitarsa ɗaya ce, daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa gida. Mu kuwa fitarmu gutsi-gutsi ce: a kai yaro makaranta, a biya asibiti, a tsaya cefane, a leƙa gidan barka ko gaisuwa, ga kaya ga 'ya'ya, kowane sauka da hawa kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya shiga cin kuɗin cefane kai tsaye.

Ranar da gari ya gane abin da yake ɗauke da shi ita ce a Janairun 2022, da 'yan Adaidaita Sahu suka tafi yajin aiki kan kuɗin rajista. Gadoji suna nan tsaye, kwalta tana sheƙi, amma 'yan makaranta da ma'aikata da mata masu zuwa asibiti a ƙasa suka yi ta taka sayyada. A ƙarshen shekarar gwamnati ta sayo bas 100, ta hana 'yan sahu bin wasu manyan tituna, ba a kwana biyu ba ta janye dokar saboda koken jama'a. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka ƙulla yarjejeniyarsa da wani kamfanin Sin a 2016, har waccan gwamnati ta sauka a 2023 ba a shimfiɗa dogonsa ba.

Akwai garin da ya gwada wata dabara, kuma ba nesa ba ne, Ikko ce. Babban titinsu na Ikorodu, wanda ya bi ta kasuwar Mile 12 inda 'yan uwanmu suke sauke tumatir da albasa da tattasai, ya fi namu cunkoso nesa ba kusa ba. A watan Maris 2008, zamanin Gwamna Fashola, suka ware hannu guda na titin suka ce na manyan bas ne kaɗai, tsawon kilomita 22 daga Mile 12 zuwa tsakiyar gari. Aka yi tashoshi masu rumfa, a sayi tikiti a bi layi. Ba su kori ƙungiyar direbobi ba, sai suka jawo ta aka ba ta tafiyar da motocin. Ba a daɗe ba bas ɗin suka riƙa ɗaukar mutum kusan 200,000 a rana, a 2015 aka ƙara tsawon hanyar har garin Ikorodu. Ba wai Ikko ta rabu da gosulo ba ne, amma wanda ba shi da mota ya samu hanyar da take tasa. Sirrin abin shi ne lissafi: su mutane suka ƙirga, ba motoci ba. Bas ɗaya mai cin mutum 50 tana ɗauke abin da sai Adaidaita Sahu 15 ko fiye za su ɗauka, ki auna wurin da kowanne zai ci a kan titi.

Kada ki ɗauka ina cewa a kori 'yan sahu. Mazanmu ne da ƙannenmu da 'ya'yanmu, da kuɗin balas da na cefane suke kwana a rai, gidaje da yawa da wannan babur ake ɗora tukunya. Tsari na gari shi ne babbar mota ta ɗauki doguwar tafiya a kan babban titi, ɗan sahu ya ɗauke ki daga tasha ya shiga da ke lungu, kowa ya samu. Sannan a yi wurin tsallakawa a ƙasa mai danja a gaban asibiti da makaranta da kasuwa, a yi rumfar jira mai inuwa da wurin zama, a bar gefen titi ga mai tafiya a ƙasa, masu kasa kaya a ba su wurinsu na kansu, a sa fitila don mai dawowa da dare, tirela kuma ta bi hanyar ratse. Duk waɗannan in an haɗa kuɗinsu ba su kama ƙafar gada ɗaya ba. Mu ma da namu laifin, don sharar da muke ba yara su zubar a lambatu ita take toshe shi, damina ta zo ruwa ya kwanta a kan kwalta ya cinye ta.

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ya san ƙarfe da siminti, amma ke kika san inda ake shan wuyar tsallakawa, ke kika san tashar da ba ta tsayuwa bayan magariba, ke kika san nawa kike kashewa daga gidanku zuwa awo. Tun daga zanen 1963 har gadar Dangi, da wuya ki ji an tara matan unguwa an ce ku faɗa mana. To in ba a tambaye mu ba, mu ai muna da baki. Akwai shirye-shiryen rediyo da ake buga waya, akwai mai unguwa da kansila, akwai ƙungiyoyinmu na adashi da na makaranta. Ranar da masu neman ƙuri'a suka shigo da atamfa da sabulu da taliya, suna cewa za su yi mana gada, ki yi musu godiya, sannan ki tambaye su: ta ina zan tsallaka da goyo? A ina zan tsaya jiran mota in ana ruwa? Nawa zan biya daga Na'ibawa zuwa cikin gari?

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.